Kafintan da Shafi Ya Ce Ya Ƙare

Daga Tsinke zuwa ga Kawunta

Kawu, assalamu alaikum.

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Umma. Ya ƙafar tata? Ta ce min kumburin ya saɓe, amma ka san 'yar'uwarka, ko ƙafar ta kai turmi cewa za ta yi da sauƙi. Ni lafiya lau, sai mura da ta ɗan taɓa ni ta sake ni. Karatu kuwa yana nan yana cin mutum.

Na koma rubutu a takarda ne saboda duk ranar da na kira ka sai “Iye? Me kika ce?” muke yi har katina ya ƙare, sannan ka ce wayata ce ba ta da kyau, ba injin yankan katako ne ya cinye maka kunne ba. Direban bas ɗin da ke kawo min saƙon Umma ya yarda zai riƙa kai mana.

Albishirinka, shafin shagonmu na intanet ya buɗe. Na raba kaya rukuni-rukuni yadda mai nema ba zai wahala ba: katifu daban, matasai daban, zannuwan gado, sai robobi. Kayan Umma duk sun shiga sumul, domin kowanne ta turo min girmansa da farashinsa da adadin da ke shago. Naka ne suka tsaya min a wuya.

Kawu, tsakani da Allah, yaya zan yi da kujerar da ka sa wa suna “irin ta likitan nan dogo”? Wa ya san likitan in ba kai ba? Akwai kuma “teburin da matar mai gidan burodi ta ce ya yi ƙasa”. Wurin awo ka rubuta “daidai misali”. Wurin farashi ka rubuta “sai na ga mutum”. Wurin adadi ka bar shi fayau. Mai saye a shafi ba ya ganinka, kai ma ba ka ganinsa, abin da aka rubuta kawai yake da shi.

Hotunan kuma rabinsu sun yi dishi-dishi, a ɗaya ma babban yatsanka ya rufe rabin kabad. Guda ne ya fito tar, wanda Umma ta ɗauke ka tsaye kusa da gadon nan mai sassaƙa da kake kan yi. Shi na sa.

Tunda ban san inda zan saka kayan naka ba, na ajiye su a rukuni na ƙarshe kafin ka turo bayani. Don Allah kada ka bar ni ina jira.

'Yarka,
Tsinke

Daga Kawu zuwa ga Tsinke

Wa alaikumus salam. Takardarki ta iso. Muna lafiya, ƙafar mahaifiyarki da sauƙi, tana iya takawa ta je ta ƙulla abin da take son ƙullawa. Allah ya ƙara sauƙin mura.

To Malama mai shafi, sannu da aiki. Na gode.

Shekaranjiya da safe ina zaune wurin mai shayi, sai mai walda na tsallaken titi ya taso da wayarsa a hannu, yana wani sunkuyar da kai kamar mai zuwa ta'aziyya. Ya ce, “Kafinta, ashe abin ya kai haka ba ka faɗa mana ba? Ai da mun shigo dubiya.” Na ce wane abu? Ya miƙo min waya. Ga ni tsaye da rigar aikina, hannuna a kan gado, an gilma min jan rubutu a ƙirji, manya-manyan baƙaƙe: YA ƘARE.

Waya ta zaga benci kaf. Mai shayi ya yi dariya har madara ta zube masa. Wani ya ce a ƙara wa marigayi sukari. Ni da ake tashi a ba ni wuri a layin nan tun kafin a haife ki, na bar shayina ban sha ba.

Da dariya ce kaɗai da na shanye. Jiya mai makarantar nan da na yi wa alkawarin bencina ya zo da kansa, yana kewaye-kewaye, wai ya ji an ce na ajiye aiki, in haka ne ya nemi wani kafin ɗalibai su dawo. Da bakina na riƙa rantsuwa ina raye.

Na sa mai walda ya nuna min sauran. Katifa a gaba, matashi, zani, bokiti, kwandon shara, abin shanya. Sai can ƙasa, bayan abin shanya, aka rubuta “Sauran Kaya”. A nan na tsinci kaina. Ni ne saura? Shagon nan ubanmu ya bar mana mu biyu, ni da mahaifiyarki, kuma kafin katifa ta farko ta shigo ƙofar nan, ƙurar katako ce a ciki.

Ruwa ba ya tsami banza. Tun bara Yaya take cewa katifunta sun kai rufi, ɗakin baya kuma ya yi wa mutum ɗaya yawa. Ta faɗa cikin wasa, ta faɗa ba cikin wasa ba. Yanzu ta samu 'yar boko ta rubuta mata da ja, duniya ta karanta. Ke ko kunya ba ki ji ba? A kan bencin da na ƙera kika koyi riƙe fensir.

Kika ce sunayen kayana ba su yi miki ba. Kujerar likita na yi ta ne don bayan likita, ba don lambar kwamfuta ba. Farashi kuwa, ba zan yanka wa gwauruwa mai 'ya'ya abin da zan yanka wa mai otal ba.

Ki ba ni amsa ta hannun direban nan a dawowarsa. Wa ya sa ki, kuma me na yi muku?

Kawunki, wanda bai ƙare ba

Daga Tsinke zuwa ga Kawu

Kawu, barka da war haka. Ina fatan zuciya ta ɗan sauka, kuma kana cin abinci. Ni lafiya.

Wallahi ba ni na rubuta ba, kuma babu wanda ya sa ni. Manhajar da aka gina shafin a kai ita ke ƙirga kaya. In ta ga wurin adadi babu komai, sai ta ɗauka kayan ya ƙare a shago, ta manna jan rubutun da kanta. Gado take nufi, ba kai ba. A kwamfutar da nake aiki can gefe yake fitowa ɗan ƙarami, ban san a waya yana hawa kan hoto ba. Laifina ne da ban duba ba, ka yafe min. Na cire shi tun a ranar, na sa “Ana yi bisa oda”. Ka ce mai walda ya sake dubawa, tunda shi ne sarkin dubawa.

Amma Kawu, ka zalunce ni, ka kuma zalunci Umma. Matar da ko buɗe shafin ba ta iya ba sai an buɗe mata, ita ce za ta ƙulla maka makirci a ciki? “Sauran Kaya” kuma ai na faɗa maka wurin ajiya ne kafin ka turo bayani. Ka turo? Ka cika min takarda da faɗa, ko awon kujera ɗaya babu.

Ina son in buɗe maka rukuninka na kanka, a sama, da sunan sana'arka. Abin da nake buƙata bai taka kara ya karya ba: tsawo, faɗi, irin katako, da kwanakin da aiki ke ɗauka. Sai hotuna masu kyau, don waɗannan kamar a kan babur aka ɗauke su. Wanda hannunsa ba ya tsayawa wuri ɗaya ya haƙura ya bar wa mai iyawa, ba abin kunya ba ne. Ka bar wa Umma kawai, kowa ya huta.

Ka gaida mai shayi, ka ce Allah ya mayar masa da madararsa.

Tsinke

Daga Kawu zuwa ga Tsinke

Salamu alaikum. Muna nan da rai. Ban san lafiyarki ba tunda ba ki ga damar faɗa ba, amma mahaifiyarki na waya da ke tana dariya, don haka na san ba ciwo ne ya riƙe hannunki ba.

Wata ya kusa zagayowa. Duk ranar da bas ya shigo ina tashar, direba ya ce babu saƙo. Shiru ma magana ce, na ji.

To ga abin da na yi, don kada ki ji a bakin wani. Na ɗauko falankai na rufe ƙofar da ke tsakanin shagon gaba da ɗakin aikina, na buga ƙusa sama da ƙasa. Yaya ta tsaya ta ɗaya gefen tana ihu wai na haukace, wai ita ba ta san hawa ba ba ta san sauka ba. Na ce ta tambayi sakatariyarta. Yanzu ta lungu nake shiga, ita kuma in tana son famfo ta zagaya. Kwanon abincin da take ajiye min na mayar mata a rufe. Kowa ya tsaya a rabon ubansa.

Ƙari. Na rubuta na sama na kai tasha, sai ga direba yana sosa ƙeya, wai yana share mota ya tsinci takardarki a ƙarƙashin kujera, duk ta sha man inji. Na karanta a tsaye a wurin.

Batun jan rubutu na ji, inji ne ya yi. To inji ne kuma ya rubuta wannan? “Wanda hannunsa ba ya tsayawa wuri ɗaya ya haƙura ya bar wa mai iyawa. Ka bar wa Umma kawai, kowa ya huta.” Da hannunki kika rubuta, na san rubutunki.

Ashe an sani. Ashe tana leƙena tana kai miki rahoto, kuna zaune kuna lissafin ranar da zan kasa. To ba zan bar mata ba. Ko guduma ta gagare ni ɗauka, a ɗakin nan za a same ni.

Ki cire ni daga shafinki. Ni da kujeruna da gadona, kada ki bar ko ƙusa.

Kawu

Daga Tsinke zuwa ga Kawu

Kawu, ina gaisuwa. Ina fatan kana lafiya. Ni ba lafiya ba, kaina kamar zai tsage, kuma jarrabawa ta matso.

Na cire. Kujeru, tebura, kabad, gado, hotonka, duka. Yanzu duk wanda ya shiga zai rantse ba a taɓa yanka katako a shagon nan ba. Ai abin da ka ce ke nan.

Ka sake ɗauko takardar ka karanta daga farkon sakin layin, in man inji bai cinye ba. Maganar hoto nake yi. Hoto! Cewa na yi ka bar wa Umma ɗaukar hoto, tunda nata ya fi fita. Wa ya yi maganar ɗaki? Me zan yi da ɗakin da ƙurarsa ke sa ni atishawa tun ina goye?

Bari in faɗa maka abin da ban yi niyyar faɗa ba. Ba ni da kwamfuta. A shagon buga takardu da nake aikin ƙarshen mako nake roƙon maigidan ya bar ni in zauna bayan an tashi. Ƙawayena na bita, ni ina auna hoton bokiti. Ba wanda ya biya ni, ban kuma nema ba. Na yi ne saboda duk zuwan da na yi hutu ina ganin mutane na wuce ƙofarmu suna tafiya manyan shaguna, suna sayen kujerar da ba ta shekara, alhali taka tana nan a baya ba wanda ya san da ita. Naka na fi so a gani, shi ya sa na dame ka da awo.

Sakayyata ita ce a kira ni sakatariyar makirci. Umma kuma, da ƙafarta mai ciwo, tana zagaya lungu da bokiti saboda ƙanenta ya toshe mata ƙofa. Ta kira ni tana kuka, ta ce tun da aka haife ka ita ke goyonka, yau kai ke mayar mata da kwano a rufe. Wallahi Kawu da wani ne ya yi mata haka, kai ne za ka fara ɗaukar guduma.

Abu ɗaya ne ban gane ba. Ka ce “ashe an sani”. An san me? Wane rahoto Umma za ta kawo min? Ban da ciwon ƙafarta da tsadar katifa ba ta taɓa ce min komai ba.

Direba ya rantse wannan a aljihun gabansa zai sa. In ka ga dama ka amsa.

Tsinke

Daga Tsinke zuwa ga Kawu

Kawu, sannu da jiki.

Ba ka amsa ba, kuma yanzu na san dalili. Na karanta wa Umma takardarka a waya, ita ma ta ce an san me? Ta kasa zama. Ta zagaya ta lungu ba ta yi sallama ba, ta tsaya a bakin taga. Ta ce ta gan ka gaban gadon da kurfin sassaƙa a hannu, kana son ka ɗora bakinsa a kan zane, hannun yana kaɗawa kamar ganye. Ka riƙe shi da na hagu, duk da haka ya zame. Ta ga tsumma a ƙasa da jini. Ta ga kofin shayinka ka cika shi rabi kawai. Ta koma shago ta zauna a kan katifa, har aka tashi ba ta sayar da ko matashi ba.

Tun yaushe, Kawu? Ta ce gadon nan ya fi shekara gefe ɗaya ne kawai da sassaƙa, tana zaton yanga kake yi.

Na tuna abin da na rubuta na babur, na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Ka yafe min wannan. Amma kada ka ɗauka na huce, yanzu ma na fi jin haushi. Kana kunna injin da ke raba katako biyu da wannan hannun, kai kaɗai, a ɗakin da ka toshe ƙofarsa da kanka. In ya kama ka wa zai ji? Kai da ko ihun mutum ba ka ji, kana zaton ihunka zai ratsa falanki? Ka gwammace ka ɓata da 'yar'uwarka, ka ɓata da ni, da ka buɗe baki ka ce hannuna na rawa. Mu maƙiyanka ne?

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Umma za ta zo ta raka ka asibiti. In ka mayar da ita kamar yadda ka mayar da kwano, wallahi zan bar jarrabawar nan in hau bas ɗin direban nan in zo, kuma kai za ka yi wa Umma bayanin shekarar da na zubar.

'Yarka ko ka so ko ka ƙi,
Tsinke

Daga Kawu zuwa ga Tsinke

Salamu alaikum, Tsinke. Ki zauna ki yi jarrabawarki, kada ki kuskura ki hau motar kowa.

Za ki ga rubutu ya canja. Mahaifiyarki ce ke rubutawa ina faɗa, don haka in kin ga kuskure nata ne. Ta ce ba za ta rubuta wannan ba, na ce sai ta rubuta.

Mun je asibiti. Ba don barazanarki ba, don Yaya ta zo da mai walda ya ɓalle falankaina, ta zauna a kan injina ta ce ba ta tashi. Likitan ya sa na miƙe hannu, ya sa na taɓa hancina kamar ƙaramin yaro, ya ba ni biro wai in ja layi. Ni da na shekara arba'in ina jan layi. Ya ce ciwon jijiya ne, magani zai rage shi amma ba zai raba ni da shi ba. Ya ce ni da inji har abada, sassaƙa kuma sai dai in Allah ya yi. Yaya ta kama kuka a gaban mutane, sai da na tsawata mata.

Maganin ya ɗan taimaka. Ina iya buga ƙusa, ina iya haɗa abin da aka yanka min. Mai sayar da katako zai riƙa yanka min a injinsa bisa awona, ina tsaye a kansa, don ban yarda da idonsa ba.

Yanzu batun shafi. Na ce ki cire ni, amma ban ce ki share ni kamar ba a taɓa yi na ba. Yaya ta nuna min, daga katifa sai bokiti, abin ba kyan gani. Ki mayar da ni, ga yadda nake so.

Rukunina a sama, ki sa masa Aikin Kafinta. A ciki ki fara da gyara: kujera mai ɗingishi, ƙofar kabad, durowar da ta ƙi rufuwa. Sai benci da kantar shago da tebur, aikin da ba lanƙwasa. Awonsu na nan a bayan takarda, Yaya ta riƙe tef ina karantawa, sau biyu tana riƙe shi a juye. Kujerar likita ki kira ta kujera mai dogon baya, na haƙura. Farashi na sa, amma ki rubuta a ƙasa ana iya magana. Kabad mai ado da duk wani abu mai sassaƙa kada ki mayar.

Saura gado. Na daɗe ina kallonsa. Kansa ya kammalu, gefen dama ya kammalu, gefen hagu ko tsinke ban zana ba, kuma ba zan ba wani ya ƙarasa min ba. Na goge shi na shafa masa mai. Ki sa shi a shafi, ki rubuta gaskiya: gefe ɗaya da sassaƙa, gefe ɗaya babu, wanda ya saya ya jingina shi da bango. Guda ɗaya ne. Kada ki rage masa kuɗi don tausayi, kuma kada ki rubuta dalili.

Abin da na faɗa a kanki da mahaifiyarki, na janye. Ta ce in ce ku yafe min. Na ce janyewa ta isa. Ta ajiye biro. To ku yafe min.

Kawunki

Daga Tsinke zuwa ga Kawu

Kawu, sannu da jiki, Allah ya ƙara sauƙi. Na gama jarrabawa lafiya. Na yafe, duk da sai da aka ajiye biro.

Aikin Kafinta na sama, na duba a kwamfuta, na duba a wayoyin ƙawayena har uku. Mutum biyu sun riga sun tambayi gyaran kujera, lambarsu na wurin Umma.

An nemi gado. Wata ma'aikaciyar jinya ce, ta ce ɗakinta ƙarami ne, dole gado ya manne da bango, ba ta ga dalilin biyan adon da bango kaɗai zai gani ba. Ba ta nemi ragi ba. Ta tambaya ko hoton gaskiya ne, na ce ta zo ta taɓa da hannunta. Don Allah in ta zo kada ka yi mata tambayoyi kamar mai neman auren 'yarka.

Tsinke

Daga Umma zuwa ga Tsinke

'Yata, ina gaishe ki. Ƙafa da sauƙi, wannan karon da gaske. Kawunki na shan magani in na tsaya a kansa. Bai san ina rubuta wannan ba, ya tafi wurin mai katako yin faɗa.

Matar ta zo. Duk abin da kika hana shi sai da ya yi: ina take zaune, ɗakin na yoyo, tana da yara masu tsalle a gado? Baiwar Allah tana ta dariya. Ta shafa sassaƙar ta ce ba ta taɓa ganin irinta ba, shi kuma ya juya baya wai yana neman tsumma.

Ranar kaiwa na ce ya bari masu mota su kai, ya ce ba wanda zai haɗa masa gado. Dole na rufe shago na bi shi. Muka hau bene, aka shigar da katakai, ya dubi ɗakin sai ya tsaya cak. Ashe bangon nata a dama yake, taga da ƙofa sun hana a juya. In aka haɗa yadda yake, sassaƙar ce za ta shige bango, gefen da ba komai ya fito fili.

Nan fa ya hau faɗa. Ya yi wa wanda ya gina gidan, ya yi wa shafinki da bai tambayi mutane ina bangonsu yake ba, ya yi min ni da ban ce komai ba. Matar ta ce ba komai Baba, a bar shi haka. Ya ce ita ba komai, shi da komai.

Ya sa aka kwantar da gefunan biyu a ƙasa, ya auna, ya ce musanya su zai yi, sai dai a sake huda ramukan noti. Ya ɗauko abin huda na hannu, ya ɗora, hannun ya fara. Masu mota suna tsaye suna kallo. Na ga wuyansa ya jiƙe. Na durƙusa na ce kawo in riƙe maka. Na zaci zai kore ni. Sai ya ce, “Riƙe nan, Yaya, kada ki motsa.” Na dafe da hannu biyu yana juyawa, har muka huda duka. Bai yi min tsawa ba ko sau ɗaya, abin har ya ba ni tsoro.

Da aka haɗa aka tura shi bango, sai ka rantse don ɗakin aka yi shi. Matar ta kawo ruwa. Ya zauna a bakin gadon yana shafa zanen da tafin hannu, ya daɗe, ba wanda ya ce masa mu tafi. Da ya miƙe ya ce mata kada ta goge shi da ruwa, busasshen tsumma kawai.

A mota ya ce in faɗa miki, daga yau duk wanda zai sayi abu a rukuninsa a tambaye shi yadda ɗakinsa yake. Ya kuma ce gobe in zo da wuri, akwai kanta da za mu haɗa, kuma in bar zoben hannuna a gida don yana karce masa katako.

Ki zo hutu. Ki taho da man zafi, gwiwoyina sun gaya min.

Ummanki